Sawu Uku a Gonar Inna Hanne

Kafin Mudassir ya kawo Kurkura garin Balan, hanyar da ta fita bayan gari ta nufi ƙasar Ajingi sawu biyu gare ta. Burtali ne tun asali. Shanu suka fara taka shi, amalanke ta biyo baya. Bijimai biyu ke jan amalanke, kowanne yana tafiya a gaban tayarsa, don haka da shekaru suka tura sai hanyar ta zama kwari biyu dogaye, da tudun rairayi a tsakaninsu wanda babu mai takawa. Mai babur ya zaɓi kwari ɗaya ya bi, mai jaki ma haka. Kowa ya san wurinsa.

Mudassir ya fi kowa sanin wannan, domin a kan amalanke ya girma. Da ita mahaifinsa ya ci da su har ya rasu. Shi dai bai gaji sana'ar ba. Yana tasawa ya tafi Kano acaɓa, ya yi shekaru yana kwana a shagon wani ɗan garinsu, har aka hana goyo a babur a cikin birni, ya dawo gida da babur ɗinsa da tabon ƙunar salansar babur a ƙauri. Ya auri Bara'atu, ya riƙa noma gonar gado da damina, da rani kuma ya kai mutane Gaya da Kademi. Mutum ne marar yawan magana. In ya zauna a majalisa ba ya daɗewa, ko dariya zai yi sai ya sunkuyar da kai. Abin da aka fi saninsa da shi tsumma ne. Kullum akwai tsumma a aljihunsa, in ya tsaya, ko gaisawa ce kawai, sai ya goge madubi.

Shekarar da riɗi ya yi kyau ya sayar da babur ɗin, ya haɗa da maraƙin da Bara'atu ta yi kiwo, ya je Kano ya dawo da Kurkura ta hannu, babur ɗin nan mai taya uku da bodin ɗaukar kaya a baya. Shuɗiya ce, fentinta ya koɗe a gefe ɗaya. Ita ce ta farko a unguwarsu. A kan kwalta da burji babu abin da za a ce da ita. Ta ɗauki buhunan gero, ta ɗauki awaki, ta ɗauki 'yan biki da kwanukansu da guɗarsu. Abin da amalanke za ta wuni tana ja, ita kafin hantsi ta kai ta dawo.

Amma aikin da ya fi tsoka a Balan ba a kan kwalta yake ba. Da bazara kowa yana son a kai masa taki gona, da kaka kowa yana son a kwaso masa dammuna da harawa, kuma gonakin gari da yawa ta burtalin nan ake zuwa musu. A nan Kurkura ta nuna halinta. Ita sawu uku take nema. Tayar gaba tana son tsakiya, tsakiya kuwa tudun rairayi ne mai laushi kamar garin tuwo. Tayoyin baya ba su kai faɗin na amalanke ba, in ɗaya ta faɗa kwari sai ɗayar ta hau kafaɗar tudu, bodi ya karkace. In da kaya a baya, gaba sai ya yi sako-sako, ka karya kai dama ta ci gaba da tafiya inda ta ga dama. Ka ƙara wuta, tayoyin baya su haƙa wa kansu rami su zauna a ciki.

Wurin da ya fi muni shi ne gangaren da ke gefen gonar Inna Hanne, inda burtalin ya yi kwana, ruwan damina yake tara rairayi. Inna Hanne ita ce ungozomar da ta yanke wa Mudassir cibi, kuma tun yana zanen goyo take kiransa angonta. Yanar ido ta rufe mata gani, ta daina fita gona. 'Ya'yanta mata ne, suna gidajen aure, ɗaya a Toranke ɗaya a Kano. Badaru, ɗan ƙanin mijinta, shi ke noma mata gonar ya kawo mata abin da aka samu. Ƙaramar gona ce doguwa da ta bi jikin burtali, abin da ya raba su kuwa layin gamba ne da marigayi mijinta ya dasa da hannunsa. A ƙasar nan gamba ita ce iyaka. A yanke ta da kaka a saƙa zana, tushenta yana nan a ƙasa, ruwan farko ta sake tofowa a inda take, babu mai gardama da ita.

Badaru sa'an Mudassir ne, tare suka yi makarantar allo, kuma shi yana nan da amalankensa da bijimai biyu. Sau da yawa shi ke iske Mudassir a gangaren, Kurkura ta nutse har ciki, mai ita yana tone rairayi da hannu.

"Direba! Yau ma jirgin ya sauka?"

"Kawo igiya, ka bar surutu."

"Sai ka gaishe su tukuna. Baƙin nan shi ne babba. Ka ce, yayyena ku taimaka wa ƙaninku."

"Shanu zan gaisar?"

"Su dai ba sa shan fetur, kuma ba a taɓa tono su a nan ba."

Haka za a ɗaura igiya, bijimai su yunƙura sau ɗaya, Kurkura ta fito tana tari, Badaru yana dariya har da riƙe ciki.

Wata rana da bazara, rana ta take, Mudassir ya iso gangaren da lodin taki, babu Badaru babu kowa. Ya kafe. Ya sauke rabin takin da shebur, ya tura, ya sake lodawa, ya yi gaba kaɗan ya sake kafewa. Kulocin Kurkura ya fara warin ƙuna, gumi yana shiga masa ido. Da ya samu ta fito sai ya dubi gefensa. Ga gonar Inna Hanne fayau ba shuka, gambar an yanke ta ƙasa-ƙasa. Da rani ai gona ta kowa ce. Shanu su shiga su ci kara, mai tafiya ya ratse, ba wanda zai ce don me. In ruwa ya sauka kowa ya koma hanya. Haka aka saba.

Da ta cikin gonar ya ratsa, da garma ta shafe sawun da damina, an wuce wurin. Amma cikin gonar ma rairayi ne da tsofaffin kunyoyi. Inda ya fi tauri shi ne kan gambar kanta, domin saiwoyinta sun kama ƙasa sun riƙe ta gam. Daidai wani tsohon suri da ya rushe ya ɗora tayar gaba a kan layin. Kurkura ta riƙa tsalle a kan tushen, amma ba ta nutse ba. Ta wuce gangaren kamar wasa.

Ya ce a ransa sau ɗaya ne. Da zai dawo ya sake bi, tunda fanko yake ba nauyi. Washegari ya bi da kaya. Bazarar nan gaba ɗaya a kan gambar Inna Hanne ya yi ta, har tushen suka murƙushe suka bi ƙasa. A majalisa aka fara cewa Kurkurar Mudassir ba inda ba ta shiga. Har wani mutum ya taso daga Kademi neman shawara kafin ya sayi tasa.

"Malam, tsakani da Allah, tana shiga daji?"

"Tana shiga," in ji Mudassir, yana goge madubi. "Sai dai ka san inda za ka sa taya."

Ruwa ya sauka. Gamba ta tofo a farkon gonar, ta tofo a ƙarshenta, tsakiya kuwa shiru. Kuma ba kowa ne ya koma hanya ba. Masu babur sun riga sun gano wuri mai tauri. Bijimai ma, in aka sassauta musu igiya, nan suke zaɓa, har da na Badaru. In amalanke biyu suka haɗu, wadda za ta kauce ba cikin rairayi take kaucewa ba, cikin gona take yi. Kunyar farko ta tafi a daminar, ta biyu ta bi bayanta. Da yake babu sauran saiwa mai rai da za ta riƙe ƙasa, sabuwar hanyar ma ta fara laushi, sai Mudassir ya ƙara matsawa ciki kaɗan, inda ƙasa ba ta tashi ba tukuna. Duk inda ya sa taya, bayan 'yan kwanaki sai ya ga an biyo shi. A hankali sauran gambar ta farko da ta ƙarshe ita ma ta tafi. Tsohon burtalin kuwa tumfafiya da sabara suka rufe shi, baƙo zai rantse ba a taɓa bi ta wurin ba.

Kullum Mudassir yana wucewa yana gani. Ya san ba shi kaɗai ke bi ba, yanzu Kurkura ta yi yawa a gari, ga babura ga amalanke. Amma sauran hanya suka tarar suka bi. Shi ne yake tuna ranar da wurin ba hanya ba ne.

Bai taɓa daina zuwa gaishe da Inna Hanne ba. Wata kaka bayan an cire gyaɗa ya same ta a tsakar gida a kan tabarma, da ƙwarya a cinya, tana ɓara da lalube.

"Angona ne? Tun daga bakin masallaci na ji tarin jakin ƙarfen nan naka."

"Ina wuni, Inna?"

"Lafiya lau. Ango ba cefane, kullum sai ina wuni."

"Ga goro na kawo."

Ta karɓa ta juya shi a tafin hannu. "Ɗan wannan? To, Allah ya sa albarka, da babu. Zauna, tambayarka zan yi. Miƙa hannunka bayan ƙofar nan ka taɓa."

Ya taɓa. Buhu ne, bai cika ba.

"Gyaɗar bana ke nan gaba ɗaya. Gonar da marigayi malam yake cika lungun nan da ita. Badaru ya ce wai hanya ce ke cin gonar. Na ce hanya baki gare ta? Ina gamba? Wai ta mutu. Gamba fa! Tun ba a haife shi ba take nan. Fari bai kashe ta ba, gobarar daji ba ta kashe ta ba." Ta yi ƙasa da murya. "Ba na son in zargi yaron nan, a bayana ya yi barci. Amma tunda idon nan ya tafi, sai abin da aka ga dama aka gaya mini. Kai kullum ta nan kake wucewa. Gambata tana nan?"

Akwai gyaɗa guda a hannun Mudassir da ya ɗauka zai taya ta ɓara. Ya matsa ta, ta ƙi fashewa.

"Ban lura ba, Inna. In ina tuƙi, hanya nake kallo."

"Haka ne kuma," in ji ta. "Allah ya tsare. Kai dai tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa na tambaye ka."

Ta damƙi gyaɗa cikin ƙwaryar ta ce ya kai wa yara. Ba shi da abin zubawa sai tsumman aljihunsa, a ciki ya ƙulle. Da zai fita ya lura da dangar gidan. Zanar ta ruɓe ta yi tagogi, an toshe wani wurin da tsohon buhu, wani wurin da kara, akuyar maƙwabta tana leƙo kai ta ciki. Da can duk shekara da gambar gonarta ake saƙa mata sabuwa.

Ranar kasuwa ya sayo zana a Kademi ya kewaye mata gidan da kansa. Bara'atu ta ga shigowarsa da ƙaiƙayin gamba a riga.

"Baban Fiddausi, tamu dangar fa? Kajin mutane har madafa suke shigo mini."

"Ta Inna ta fi lalacewa."

"Bara gero ka kai mata, bana zana. Ko dai wani abu ka yi wa tsohuwar nan?"

Da wasa ta faɗa, tana kwashe tuwo. Ta ɗago ta dube shi, ta ga ya tsura wa buta ido. Sai ta ajiye masa kwanon a gabansa a hankali.

Inna Hanne ta yi wa 'yarta ta Toranke zancen gyaɗar, 'yar ta yi wa mijinta, magana ta zagayo Balan da ƙafafunta. Aka fara cewa Badaru yana cin gonar makauniya. Ba a faɗa a gabansa, amma in ya iso majalisa sai hira ta canja. Aka ji cewa baɗi surukin ne zai karɓi noman. Badaru ya daina kiran kowa Direba. In suka haɗu da Mudassir a hanya sai ya ɗaga hannu kawai, ya kaɗa shanunsa. Wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan cin iyaka, ya ce ko faɗin tafin hannu mutum ya ci na ƙasar wani, zai tarar da shi ranar gobe. Mudassir ya zauna a sahu yana kallon tafin hannunsa har aka tayar da salla.

Ya taɓa gwada komawa tsohon burtalin. Ya kutsa cikin tumfafiya da lodin harawa, bai yi nisa ba ya kafe. Yana tono, wasu Kurkura biyu suka wuce ta sabuwar hanya suna yi masa hon, ɗaya ya leƙo ya ce, "Oga, hanya ga ta nan kana neman aljanu?" Ranar ya gaya wa kansa cewa ko ya daina bi, hanyar ba za ta daina ba. Gaskiya ne kuwa, kuma gaskiyar ta yi masa daɗin da ya sa ya ji kunyar kansa. Washegari ya koma inda kowa ke bi.

Ana nan, bayan wani saɓani da aka yi tsakanin makiyaya da manoma a wani gari, sai dagaci ya ce kafin ruwa ya sauka kowane mai unguwa ya fita da ardo su bi burtali, a dasa bini-da-zugu dama da hagu. Inda aka dasa, nan ne iyaka, ba sauran magana. Mai unguwa Datti ya sa aka saro rassan, ya aika a kira Mudassir ya ɗauka a Kurkura.

Da hantsi suka fita. Mai unguwa a gaba da Ardo Tukur, wani dattijo siriri mai dogara sanda, sai masu gonakin da ke jikin burtali, kowa ya zo ya tsaya a kan nasa. Badaru ne ya zo a madadin Inna Hanne. Mudassir yana binsu a baya a hankali, in an haƙa rami ya miƙo reshe. Aiki yana tafiya lafiya har aka iso gangaren.

Mai unguwa ya dubi hanya, ga ta nan fili, sawu a kan sawu. Ya nuna bakin kunyar da Badaru ya tsaya bara. "A haƙa nan."

"Ranka ya daɗe," in ji Badaru, "gonar ta wuce nan. Duk inda muke tsaye ɗin nan gona ce."

"Har ina?"

"Har wajen tumfafiyar can."

Wani daga baya ya ce, "A ƙara masa, wadda ke hannunsa ba ta ishe shi ba." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Badaru bai waiwaya ba.

"Kana da shaida?" in ji mai unguwa.

"Gamba ce shaida, ta mutu."

Mai unguwa ya juya wajen ardo. "Baffa, me ka gani?"

Ardo Tukur ya dubi ƙasa. "Ni dai kamar da can ƙasa muke bi da shanu. Amma na tsufa, ba zan rantse ba. Abin da na sani, saniya ba ta kashe gamba. Ganye take ci ta bar tushe. In gamba ta mutu a nan, ba kofato ba ne." Bai dubi kowa ba da ya faɗa.

"To, ba za mu dasa a kan kamar ba," in ji mai unguwa. "Abin da ido ya gani shi za mu bi. Ku haƙa."

Mudassir yana tsaye a cikin bodi da reshe a hannu, ruwan reshen yana danƙo a yatsunsa. Lissafin a bayyane yake. In aka dasa a nan, hanya ta zauna ke nan, Kurkura za ta ci gaba da wucewa, kuma daga yau ba mai sake tambayar inda gamba take. In aka koma tsohon layi, sai rairayin gangare, Kurkura da gonakin wannan gefen sun yi sallama, taki da dammuna da harawa duka. Ya tuna Fiddausi da ƙannenta. Ya tuna buhun da ke bayan ƙofa. Aka gama ramin.

"Miƙo mana, Direba," in ji mai unguwa.

Bai miƙa ba. Ya ajiye reshen, ya ɗauki shebur ya diro. Ya tsallaka hanyar gaba ɗaya, mutane suna binsa da ido, har wajen tumfafiya, inda ɗan tudun tsohon surin nan yake. Ya soka shebur. Bai haƙa da zurfi ba ya ji ta ci karo da abu. Ya durƙusa ya tono da hannu, ya ɗago wani dunƙulen saiwa baƙi, rabinsa ya ruɓe. Ya ajiye a kan rairayi. Ya yi gaba ya sake haƙawa, ya fito da wani. Ya sake yin gaba. Ba ya lalube, ba ya kuskure, kamar mai tono abin da ya binne da kansa. Kafin ya tsaya, dunƙulen saiwa sun yi layi sun bi kwanar burtalin.

Mai unguwa ya ɗauki ɗaya ya murje a hannu ya shinshina. "Gamba ce. Ikon Allah. Kai Mudassir, ya aka yi ka san wurin daidai haka?"

"Tayata ce ta fara hawa, ranka ya daɗe."

A hankali ya faɗa, kansa a ƙasa, kuma daidai lokacin wuri ya kaure. Wani yana cewa lallai an ci gona da yawa, wani mai Kurkura yana cewa to mu ta ina za mu bi, ardo yana cewa a sare tumfafiya shanu ba su da matsala da rairayi. Mai unguwa ya dafa kafaɗar Mudassir ya ce Allah ya yi albarka, ya wuce yana nuna inda za a haƙa. Ko bai ji ba ne, ko ya ji ya bar shi, Allah masani.

Aka dasa bini-da-zugu a kan tsohon layi, aka sare tumfafiya da sabara. Da aka gama sai ga Kurkura ta ɓangaren gona, dole ta fito ta bi tsohon burtali. Ko da yake fanko take, rairayin ya daɗe ba a taka shi ba, tana shiga ta zauna. Mutane sun riga sun yi gaba. Badaru ne ya je ya zo da bijimansa. Ya durƙusa yana ɗaura igiya, bai ce a gaishe da kowa ba.

"Ka ji abin da na ce ɗazu?" in ji Mudassir.

"Na ji. Na ma riga na sani. Sawu uku ai ba ya ɓuya, tun bazarar farko na gani."

"Me ya hana ka gaya mata?"

"In ce mata angonta ne? Cewa za ta yi na cinye gyaɗa na koma ɓata ɗan mutane. Kuma nawa shanun ma sun bi." Ya ja ƙullin ya gwada ƙarfinsa. "Ƙasa dai ta dawo. Abin da Inna ta ɗauke ni kuwa yana nan a ranta, ba ni zan je in cire ba. Hau ka riƙe kan."

Labari ya riga Mudassir isa gidan. Yana sallama Inna Hanne ta ɗaga hannu biyu sama.

"Ga shi nan! Angona ya ƙwato mini gonata! An ce da hannunka ka tono. Zo nan in shafa kanka. Allah ya raya maka zuri'a, Allah ya kare ka da ƙarfen nan naka."

Ya tsuguna nesa da tabarmar, inda hannunta ba zai kai ba.

"Inna, ni na kashe gambar. Ni na fara bi ta kanta da Kurkura, sauran sawuna suka bi. Badaru bai ci miki ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da ya gaya miki gaskiya ne."

Hannuwanta suka sauko a hankali suka zauna a cinyarta. Kaza ta zo ta tsinci wani abu a bakin tabarma ta wuce.

"Ranar da na tambaye ka fa?"

"Na sani a ranar."

Ta juya fuskarta wajen sabuwar zanar, kamar tana ganinta. Ya jira faɗa, ya jira kuka, ba ko ɗaya.

"Mudassir," in ji ta. Tunda ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Tashi ka kira mini Badaru. Ka ce ina roƙonsa ya zo."

Badaru ne ya noma gonar a daminar, har bakin bini-da-zugu. Wurin da hanya ta bi ya daddaɓe, garma da ƙyar ta shiga, gyaɗar da aka shuka a nan ta fito tsilli-tsilli. Ya ce sai an yi shekaru ana zuba taki kafin ƙasar ta manta. Mudassir ne ke kawo takin, ba a tambaye shi ba. Yana sauke shi inda burji ya ƙare, Badaru ya kwasa a amalanke. Mudassir ya kuma farfasa tushen gamba daga iyakar gonarsa ta gado, ya ɗauko a ka ya dasa a jikin bini-da-zugu. Wasu sun kama, wasu ba su kama ba.

Yanzu Kurkurar ba ta wuce ƙarshen burji. Aikinta ya ragu, ta koma jigilar kasuwa da 'yan biki, dangar gidan Bara'atu kuma sai da ta ƙara shekara kafin a canja ta. Sauran masu Kurkura sun daɗe suna jin haushinsa, akwai wanda har yau ba ya amsa masa gaisuwa da kyau. In wani mai shirin saye ya zo ya tambaye shi ko tana shiga daji, sai ya ce masa ya je gangaren ya tsaya ya dubi hanyar da kyau, ya ƙirga sawunta, sannan ya dawo su yi magana. Yawancinsu ba sa dawowa, saye suke yi abinsu.

Yana zuwa gaishe da Inna Hanne kamar da. Tana amsawa da sakin fuska, ta tambayi Bara'atu da yara, ta karɓi goro ta sa albarka. Ta ce ta yafe, a gaban Badaru ta faɗa, kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai har yanzu Mudassir take ce masa. Shi kuma tun daga bakin masallaci yake kashe injin, ya ƙarasa da ƙafa.